Masu Kulle Ƙofa Daga Nesa

Matafiyin da ya bar Tamanrasset ya kama hanyar In Salah, bayan kimanin kilomita 150 zai hangi dutsen Tan Afella a In Ekker. A cikin wannan dutse Faransa ta fasa bam ɗin nukiliya sau 13 tsakanin 1961 da 1966. Injiniyoyinta sun haƙa rami mai nannaɗewa a ƙarshe, don girgizar ta rufta shi da kanta, suka ƙara da kankare da ƙofofin ƙarfe. Ranar 1 ga Mayu 1962, gwajin da aka kira Béryl ya fi ƙarfin toshiyar. Narkakken dutse ya kwararo waje, ƙura mai guba ta lulluɓe sojoji da ma'aikata, har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski.

Duk wanda ya san wannan labari ba zai raina masu tsara ƙofofin ma'ajiyar sharar nukiliya ta ƙarƙashin ƙasa ba. Wurin da hannu ba ya kaiwa ba tare da an cutu ba, daga ɗakin lura ake buɗe shi, ta kwamfuta da kyamara. Ƙofofin bibbiyu ne, kamar zaure da shigifa: ta ciki ba ta motsi sai ta waje ta kulle ruf. Iska kuma an tilasta mata bin hanya ɗaya, daga wuri mai tsabta zuwa gurɓatacce, ko da ƙofa ta ɗan yi sake ƙura ba ta biyo mutum. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofar na iya bijire wa mai ita. In na'urar auna tururin nukiliya ta ga ya yi yawa, ko shugaban wurin ne ya danna maɓalli, ba za ta buɗe ba. Kuma da yake tururin na cinye kayan lantarki, sai a ajiye ƙwaƙwalwar ƙofar a bayan katanga mai kauri, inda mai gyara zai iso ta lafiya.

An ga amfanin irin wannan tsari a ma'ajiyar WIPP ta jihar New Mexico a Amurka, mai zurfin mita 655 cikin gishiri. Daren 14 ga Fabrairu 2014 wata ganga ta fashe, na'ura ta yi ƙara, aka karkatar da iskar ramin zuwa matata. Murafun hanyar iska sun ɗan yi yoyo, ma'aikata 22 suka shaƙi kaɗan, wurin ya zauna a rufe har Janairun 2017. Duk da haka, ina wannan ina Béryl!

A In Ekker kuwa shingen waya kawai aka kewaya, mutane suka yanke shi, suka kwashi tagulla da ƙarafa suka kai kasuwa. A 2021 Aljeriya ta kafa hukumar gyara wuraren gwajin nukiliyar, kuma tana neman Faransa ta ba ta taswirar inda aka binne sharar.