Riga da Aikin Fasihi: Darasi Daga Zanen Gidan Waya

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu masu nazarin fasaha, wato auna gwanintar mutum da girman rigarsa. A wannan ɗan sharhi ina so in nuna inda tufar fasihi take zama ɓangaren aikinsa, da kuma inda kallonta yake ɓatar da mai nazari.

Bari in fara da wani salo da Turawa suka ƙago, wanda zan kira zanen gidan waya. Tun cikin shekarun 1950 wani Ba'amurke mai suna Ray Johnson yakan yanka takardu da hotuna ya liƙa, ya sa a ambulan ya aika wa mutane. Wani lokaci yakan nemi wanda ya karɓa ya ƙara nasa zanen ya tura gaba. A shekarar 1970 har aka baje kolin irin waɗannan wasiƙu a gidan adana zane na Whitney da ke birnin New York. Hikimar abin ita ce mai karɓa ba ya ganin mai zane. Ko tsumma yake sanye da shi, ko alkyabba, takardar da ta fito daga ambulan kaɗai za a yi wa hukunci.

Kishiyar wannan shi ne Joseph Beuys na Jamus, wanda aka san shi da malafa da falmaran irin ta masunta. A shekarar 1970 ya sa aka ɗinka kwat guda 100 na dannannen ulu, ya fitar da su a matsayin aikin fasaha. A wurinsa mutum da tufarsa da aikinsa abu ɗaya ne.

To, duka biyun muna da su a gida. Ɗan kama da ke kwaikwayon malami yana wa'azin tuwo da miya, rabin dariyar a shigarsa take. In aka tuɓe masa ita, wasan ya gurgunce. Haka makaɗin fada: rigar da sarki ya ba shi shaida ce cewa waƙa ta karɓu, shi ya sa yakan ambaci kyautar a waƙa ta gaba. Mai nazarin da ya rubuta baitoci kawai ya bar shiga, ya bar wani abu a baya.

Amma mu duba kudancin Kano, daga Kura zuwa ƙasar Rano da Kibiya, inda Kahu take. Turkuɗin Kura ya shahara har cikin Sahara. Masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ya yi ƙyalli, a naɗe a takarda, fatake su ɗauka. Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, ya ba da labarin yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Shin wannan ba ƙunshin wasiƙa ba ne, raƙumi ne kawai ɗan aike? Buzun da ya naɗa rawanin bai taɓa ganin marinin ba. Da ya gan shi a bakin karofi, ɗaure da walki ko tsohuwar taguwa, da wuya ya yarda shi ne mai wannan aiki. Sa hannun da ke tsakaninsu shi ne shunin da ya rine hannun marini, ya kuma shafi fuskar mai rawani.

Nan ne nake ganin mun gaza. Sunayen mawaƙa masu babbar riga sun cika kundayen digirinmu, amma wanda ya zana aska takwas a ƙirjin rigar, wa ya san sunansa? Philip Shea, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincike kan rinin ƙasar Kano a 1975, David Heathcote kuma ya yi kan ɗinkin rigunan Hausa a Zariya. Mu 'yan gida fa?

Wani zai ce ai shiga takan nuna halin mai sana'a, don haka ba laifi a dube ta. Na yarda, amma da sharaɗi. Ma'aunina shi ne: a cire tufar a gani. In aikin ya rage, kamar na ɗan kama, to tufar tana cikin aikin, sai a yi nazarinta. In bai rage ba, kamar na marini da maɗinki, to a bar ta, a dubi kaifin shuni da daidaiton zare. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na Rano da Kibiya, in an tafi hutu a nemi tsofaffin masaƙa da marina da maɗinka, a rubuta sunayensu da sunayen zanensu tun suna raye.