Waziri Buhari da Risalarsa: Hujja ko Hanzari?

Daga cikin rubuce-rubucen da zuwan Turawa ya haifar a Sakkwato, kaɗan ne suka kai Risalar Waziri Muhammadu Buhari nauyi, watau wasiƙar Larabci da ya aike wa ma'abota ilmi da tunani. Shi jikan Waziri Giɗaɗo ne, ya riƙe waziranci daga 1886 har rasuwarsa a 1910.

Ran 15 ga Maris 1903 aka karya rundunar Musulmi a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da nufin hijira, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli. Waziri kuwa ya shawarci malamai, ya komo birni, ya ci gaba da aiki ƙarƙashin Nasara. Wannan komowa ita Risalar ke karewa.

Hujjarsa ta tsaya a kan taƙiyya: halal ne a bi mai rinjaye da baki, ban da zuciya, muddin bai hana salla da azumi ba. In shugabanni duka suka tashi, wa za a bar wa talakawa? An ƙarfafa masa zuciya da labarin Bagadaza, wadda Tattaru suka rusa a 1258, addini kuwa bai ƙare ba.

Ƙarfin Risalar yana ga gaskiyar mai ita, gama bai ɓoye tsoronsa na cewa ko ya yi kuskure ba. Rauninta kuwa biyu ne. Na farko, Shehu Usmanu da kansa ya wajabta hijira cikin Bayan Wujubil Hijra, kuma a kan wannan aka kafa daular da Waziri ke yi wa hidima. Na biyu, taƙiyya rangwame ne na lalura, amma Risalar ba ta yanka mata iyaka ba. A 1906, da aka murƙushe Satiru, sarakunan Sakkwato suna gefen Turawa. Nan an wuce biyayyar baki.

Irin wannan tsaka-mai-wuya ta sami Taufiƙ Basha, wazirin ƙarshe na Daular Usmaniyya, wanda ya riƙe muƙami Istambul tana hannun sojan ƙetare, har aka soke sarautar a 1922. Bambancin shi ne gidan Giɗaɗo ya tsira da littattafansa, har ɗansa Waziri Junaidu ya gaje su. Lalle malamin da zai karantar da Risalar ya kamata ya ɗauke ta a matsayin jawabin mai kare kansa gaban alƙali, ya auna ta da hujjar waɗanda suka kwanta a Burmi.