Sun Faɗa da Bakinsu: Wani Karatu na Wasan Romiyo da Juliyet

Juliyet ba ta cika shekara goma sha huɗu ba. Masu ɗaukar wasan Romiyo da Juliyet a matsayin madubin soyayya sukan manta da wannan. A waƙar Arthur Brooke ta 1562, inda Shakespeare ya samo labarin, yarinyar ta kusa sha shida, kuma al'amarin ya ɗauki watanni. Da ya mayar da shi wasan kwaikwayo, wanda aka fara bugawa a 1597, sai ya rage mata shekaru, ya dunƙule komai tsakanin Lahadi da Alhamis. Haka kuwa ƙuncin ƙuruciya yake, ba ya ba da lokaci.

Wasannin ban tausayi na Turai sun saba ɗora laifi a kan ƙaddara, gabatarwar wannan wasan ma taurari ta zarga. Amma wanda ya bi shi fitowa-fitowa zai ga yaran nan biyu ba su ɓoye nufinsu na mutuwa ba. Sun faɗa, kuma manya suka faɗa wa.

Tun a fitowa ta farko mahaifin Romiyo yake ba da labarin ɗansa: yawo da asuba yana kuka, gari na wayewa ya shige ɗaki ya rufe tagogi, ba ya gaya wa kowa damuwarsa. A lokacin bai ma haɗu da Juliyet ba, wata Rozalin ce ta ƙi shi. Maganin da ɗan uwansa ya kawo shi ne ya je ya kalli wasu 'yan matan. A kashi na uku, bayan ya kashe Tibalt, ɗan uwan Juliyet, an kore shi daga birnin Berona, sai ga shi kwance a ƙasa gaban Fada Lorens, har ya zaro wuƙa. Fadan ya hana shi, ya yi masa gorin cewa hawayensa na mata ne, ya lissafa masa ni'imomin da yake ciki. Kafin gari ya waye yaron ya kama hanyar Mantuwa, inda babu wani nasa. Gorin nan na "kai ba namiji ba ne?" mu ma mun san shi a gidajenmu.

Na Juliyet ya fi ciwo. A safiya guda uba ya rantse zai kore ta in ba ta auri Faris, wanda ya zaɓa mata, ba, uwa ta ce ba ruwanta, mai rainonta kuma, wadda ta san an riga an ɗaura mata aure da Romiyo a ɓoye, ta ce ta haƙura ta auri sabon. Duk wanda ya san auren dole ya san wannan safiyar. Yarinyar ta tafi wurin fada ɗauke da wuƙa ta bayyana nufinta. Shi kuwa maimakon ya tunkari iyayenta da gaskiya, sai ya ba ta maganin da zai mayar da ita kamar gawa na awa 42. A ganina wannan ne babban kuskure a wasan: ya riƙe sirrin da bai kamata a riƙe ba.

Akwai alamar da ta fi ruɗar mutane, wato natsuwa kwatsam bayan dogon ƙunci. Da aka kawo wa Romiyo labarin mutuwar matarsa bai yi kuka ba, takarda da tawada da dawakai ya nema. Baransa ya ga fuskarsa ta sauya, ya roƙe shi ya yi haƙuri, amma ya tafi aiken ya bar shi. A bakin kabari ya miƙa masa wasiƙar mahaifinsa, ya yi masa kyauta, ya yi masa ban kwana. Likitocin ƙwaƙwalwa a yau suna lissafa irin wannan sallama da rabon kaya cikin alamomin haɗari.

Sai mai sayar da magani. Dokar Mantuwa ta haramta sayar da guba, amma talauci ya sa ya karɓi kuɗin Romiyo ya sayar masa. Sauƙin samun guba har yau haɗari ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kusan ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari. Da Siri Lanka ta hana mafiya haɗarin magungunan, mutuwar ta ragu ƙwarai. A Najeriya ma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu a 2019.

Inda nake da ja da wasan shi ne ƙarshensa. Gidajen biyu masu gaba da juna sun sasanta, an yi alkawarin gumakan zinariya, kamar mutuwar yaran ta biya wani bashi. Matashin da ke cikin ƙunci zai iya fahimtar cewa sai ya mutu za a saurare shi, don haka malamin da ke koyar da wasan bai kamata ya wuce nan shiru ba.

Iyaye da malamai, in yaro ya ambaci mutuwa, kada a tsaya ga tsawa ko wa'azin wuta kawai. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin bincike ya nuna tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abubuwan haɗari daga gida, a kai shi asibiti a ranar.