Ƙarin muƙamuƙi a faranti: har ina za mu yarda da AM-1?

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen tiyatar baki da fuska a asibitin koyarwa a Najeriya ya ga amelobilastoma, ko da bai san sunan ba. Ƙari ne da ke tasowa daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina haƙora, galibi a muƙamuƙin ƙasa. Ba kasafai yake yaɗuwa ba, amma yana cin ƙashi a hankali har fuska ta karkace, kuma maganin da aka fi dogara da shi shi ne a yanke ɓangaren muƙamuƙin.

Don neman maganin da zai rage wannan yanka, masu bincike kan rene ƙwayoyin ƙarin a faranti. Sai dai waɗanda aka ciro daga majiyyaci kan daina hayayyafa bayan ɗan lokaci. A 1998 wasu masana a Japan suka cusa wa ƙwayoyin wani majiyyaci guda ƙwayoyin gadon cutar HPV-16, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa, don su riƙa rabuwa ba iyaka. Suka sa musu suna AM-1.

A nan nake da ja. HPV-16 na lalata p53 da Rb, wato birkunan da ke hana ƙwayar halitta rabuwa barkatai. To ka cire wa mota birki, sannan ka ce kana nazarin yadda take tsayawa? Ƙarin da ke muƙamuƙin mutum na iya ɗaukar shekaru yana girma. AM-1 kuwa cikin kwanaki take cika faranti.

A gaskiya ta yi rana. A 2014 aka gano sauyin BRAF V600E a cikin fiye da rabin irin wannan ƙari, AM-1 na ɗauke da shi, kuma maganin vemurafenib ya dakushe girmanta. Daga baya an samu majiyyatan da ƙarinsu ya motse da magungunan wannan rukuni.

Amma faranti ba muƙamuƙi ba ne. Babu ƙashi a ciki, babu ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi, alhali cin ƙashin ne ke kai mutum ɗakin tiyata. Ko AM-3 da ta biyo baya a 2013, ba tare da HPV ba, ba ta cike wannan giɓin ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: a asibitocinmu ake ciro manyan ƙari irin wannan, a tsoma su a fomalin, wanda ke kashe ƙwayoyin nan take. Da izinin majiyyaci, ɗan yanki kaɗan ya isa a fara reno.