Kaset ya tafi, ina muryoyin da ke ciki?

Ba na cikin masu kukan mutuwar kaset. Na'urar da kamfanin Philips ya fito da ita a 1963 ta yi zamaninta, kuma duk wanda ya san wahalar zare idan ya harɗe a cikin rikoda, a dawo ana naɗe shi da biro, ba zai yi kewarta ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke naɗe a jikin zaren. Shekaru da dama kaset ne rumbun muryar ƙasar Hausa: waƙoƙin Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991 da na Shata da ya rasu a 1999, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a masallacin Sultan Bello na Kaduna, har da saƙon baka da wanda bai iya rubutu ba yake ɗauka ya aika wa ɗan'uwansa a Makka ko Kumasi. Zaren kuwa ba ya jure zafi, ƙura da laimar damina, ga rikodar da za ta karanta shi tana ƙarewa tare da masu gyaranta.

Za a ce ai an riga an kwashe komai, yana YouTube, yana memorin masu tura waƙoƙi a waya. An kwashe abin da ke da kasuwa, wannan gaskiya ne. Shata ba zai ɓace ba. To, makaɗin noma na ƙauye da aka ɗauka sau ɗaya a wajen kalankuwa fa, ko zabiyar da ta yi wasa a biki, kaset ɗinta guda ne tak a ƙasan adakar wata tsohuwa? Ko abin da aka kwashe ɗin ma, sau da yawa an datse shi, ba shekara, ba wuri, wani lokaci an liƙa masa sunan wani mawaƙin daban, alhali da can akan rubuta wannan a bangon kaset, ko mai shagon Ƙofar Wambai ya gaya maka da baki.

Wasu kuma su ce matasa ba sa so. Wataƙila haka ne a yau, amma bai kamata sha'awar tsara guda ta yanke wa jikokinta hukunci ba, tunda zaren da ya lalace ba ya dawowa. Aikin ceto muryoyin ba mai tsada ba ne: rikoda mai lafiya, kwamfuta, da mutum mai haƙurin zama da dattawa yana tambayar wane ne wannan, a ina, yaushe. Sassan koyar da Hausa a jami'o'i, gidajen rediyo da Gidan Arewa na Kaduna sun isa su fara, su tambayi dattawan tun suna raye.