Wa Ke da Ƙofa a Layin Zongo?

A 2005 ne Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi, ya fitar da tarin gajerun labaransa na Turanci, The Prophet of Zongo Street. An sha yaba masa kan yadda ya kamo hayaniyar unguwa, daga teburin mai shayi har tsegumin 'yan zaman kashe wando. Yabon ya dace. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne: a duk layin nan, wa ke da ƙofar da zai rufe ya huta?

Kumi ne, wanda aka sa wa littafin laƙabinsa. Yana zaune shi kaɗai da tarin littattafai, kuma ƙarshensa unguwa ta ɗauke shi a matsayin wanda ya zautu. A nan marubucin ya gano mu sarai. A wajenmu mai son kaɗaici abin tuhuma ne: ko girman kai, ko aljanu.

Sai a dubi Uwargida, tsohuwar da ke buɗe littafin da tatsuniya, yara sun yi mata zobe. Hoto ne mai daɗi, kuma daɗin nasa ne ke damuna. Mun ga abin da take bai wa yaran, ba mu ga sa'ar da take ware wa kanta ba.

Wanda ya san gidajen haya na Aboabo ko Sabon Zongo ya san abin da nake nufi. Iyali guda a ɗaki guda, tsakar gida na kowa, murhu a bakin ƙofa, layin banɗaki tun asuba. A tsarin gidan Bahaushe na Kano ko Katsina, maigida yana da turaka, yana da zaure. Ɗakin mace kuwa sunansa ne nata. Nan yara ke kwana, nan baƙi ke sauka, nan ake jibge kwanuka. A Zongo ma turakar ta ɓace, uba ya koma benci a bakin masallaci. Uwa fa? Sau da yawa dardumar salla ce kaɗai inda ba a kiranta, shi ya sa wata ke jan lazimi bayan isha'i, yaro na tsaye yana jira ta shafa.

Virginia Woolf ta ce a 1929 mace mai son rubutu tana bukatar ɗakinta da fam 500 a shekara. Uwar Zongo ba ta kai nan ba. Rabin awa take nema ba tare da an ce "Mma" ba. Ali ya ba Kumi ɗaki, ya nuna mana tsadar da ya biya. Da ya ba wata uwa labule ko da na zani ne, mu ji abin da take tunani a bayansa, da littafin ya shiga cikin gida, bai tsaya a bakin titi ba.