Jaji a Bakin Iyaka: Sharhi Kan Littafin Jean Boyd Game da Nana Asma'u

A shekarar 1989 ne Jean Boyd ta wallafa The Caliph's Sister, littafin da ya fito da rayuwar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) fili ga manazarta na duniya. Babban abin da ya daɗa wa ilmi shi ne bayanin tsarin 'Yan Taru, watau matan karkara masu zuwa wurin Asma'u ɗaukar karatu a ƙarƙashin jagorancin jaji. Ita jaji dattijuwa ce, akan ɗora mata malfa a naɗa ta da jan ƙyalle, sa'an nan ta koma garinsu ta karantar da mata tsarki da salla da tarihin Annabi ta hanyar waƙe.

Wanda ya san tarihin Amurka zai so ya kwatanta jaji da malaman makaranta mata na yammacin ƙasar. A 1847 Catharine Beecher da abokan aikinta suka kafa hukumar da ta tura ɗaruruwan 'yan mata su koyar a sababbin ƙauyuka, kuma a 1869 yankin Wyoming ya bai wa mata damar jefa ƙuri'a, ya kuma daidaita albashin malami da malama. Amma kama da wane ba ta wane. A yawancin wurare an ɗauki malamar Amurka ne saboda ladanta bai kai na namiji ba, kuma sau da yawa aure kan raba ta da aji. Jaji kuwa ba ta da albashi; shekarunta da iznin malamarta su ne jarinta. Haƙƙin da take tsaye a kai shi ne wanda Shehu ya kafa hujjarsa a Nurul Albab, inda ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Boyd ta kyauta da ta auna Asma'u da wannan ma'auni na gida.

Raunin littafin shi ne daga Sakkwato da Wurno yake hangen duniya. Marubuciyar da kanta ta nuna cewa malfa alamar Innar Gobir ce, shugabar bori. Ke nan karatun 'Yan Taru gasa ce da wata sarautar mata da ta riga shi, kuma cikin matan da aka so a gyara wa addini akwai kamammun yaƙe-yaƙe irin na Gawakuke a 1836. Littafin ya ambaci wannan, amma bai tsaya ya tambayi yadda kamammiyar ta ga al'amarin ba, kamar yadda masu yabon malaman Amurka kan manta da mutanen da aka ƙwace wa ƙasar da aka gina makarantun.

Har ila yau, ya kamata a karanta shi tare da littafin Yusufu Bala Usman na 1981 kan tarihin Katsina. Bayan faɗuwar birnin a 1807 sarakunan Haɓe suka kafa Maraɗi, dajin Rugu da ƙasar Ruma suka zama hanyar hari, musamman zamanin Ɗan Baskore. A irin yankin Babban Duhu da ke ƙasar Safana, matsalar farko ita ce ko mace za ta iya kai wa ga malama ta komo lafiya, domin tsarin jaji gaba ɗaya a kan tafiyar ƙafa ya dogara.

Wannan tambaya ta sake tasowa a Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana. Mai son ya ɗauki 'Yan Taru abin koyi ga ilmin mata a yammacin Katsina, sai ya fara da sharaɗin da littafin ya ɗauka tamkar tabbatacce: hanya mai aminci tsakanin ɗaliba da malamarta.